Na hana shi sirinji a shagona, yau ga takardar gwajinsa a hannuna

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, kuma don Allah wanda zai amsa ya karanta har ƙarshe tukuna.

Shekarata goma sha ɗaya ina riƙe da kemis a wata unguwa cikin Kano. Tun ranar da na buɗe shagon na kafa wa kaina doka: duk wanda ya zo neman sirinji babu takardar asibiti, ba zan sayar masa ba. Ai mun san su. Sai bayan isha'i suke zuwa, lokacin da mutane suka ragu. Riga mai dogon hannu ko da a zafin Afrilu ne, kai a sunkuye, kuɗi a dunƙule a hannu, ya ce maka kakarsa ce ba lafiya. Ni kuwa in ce babu, alhali kwali guda yana nan ƙarƙashin kanta. In ya juya sai in ji sanyi a raina, in ce yau ma ban sa hannu a halakar ɗan wani ba.

Akwai wani yaro a layinmu, ba zan faɗi abin da zai sa a gane shi ba. Ina zaune aka raɗa masa suna. Shekara uku da suka wuce ya yi hatsarin babur, ƙashin cinya ya karye, aka yi ta yi masa allurar fenta saboda raɗaɗi. Ƙafa ta warke, allura ta ƙi sakinsa. Sau uku yana zuwa wurina, sau uku ina korarsa. Na ƙarshen har da faɗa, na ce in ya kuma zuwa sai na gaya wa mahaifinsa. Bai kuma zuwa ba, ni kuwa na ɗauka na yi aikin lada.

Mako biyu da suka wuce ina dawowa daga sallar asuba na yanke ta wani kango da ke bayan layinmu. Su uku na tarar a tsugune, sirinji ɗaya a tsakaninsu. Ya tsufa har lambobin jikinsa sun goge, robar ta dafe. Ɗaya yana zuƙo ruwa daga ledar fiya wata yana fesarwa a ƙasa, wai wanki ke nan. Na biyun ya karɓa yana goga bakin allurar a gefen kwalin ashana don ta yi tsini. Yaron nan shi ne na uku, ya naɗe hannun riga yana jiran a zo kansa, hannun duk tabo da ƙuraje. Muka haɗa ido. Bai gudu ba, ni ma bakina ya mutu, na wuce.

Shekaranjiya mahaifiyarsa ta aiko ƙanwarsa da takardar asibiti in duba musu. Idonsa ne ya yi rawaya, suka ɗauka shawara ce, har an fara jiƙe-jiƙe. Ciwon hanta ne, nau'in B da nau'in C, duka biyun. Yaron nan bara aka yi masa aure ko zai natsu. Matar tana da cikin wata bakwai.

Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Sirinjin da na hana shi, me ya hana? Allura dai bai fasa ba. Abin da kawai na canja masa shi ne da wacce allura zai yi.

Na taɓa ji a rediyo cewa akwai ƙasashen da hukuma da kanta take bai wa irin waɗannan yara sabuwar allura, su dawo da tsohuwa. Shin da gaske yana rage cuta, ko kuwa ƙara su yake yi? Me dokar Najeriya ta ce? Kuma ni a matsayina na Musulmi, in na miƙa masa sirinji ina sane da abin da zai yi da shi, ina matsayina wurin Allah?

Abu Sumayya:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba yaron lafiya, amma kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Ba kai ka kai shi kango ba. Abin da ka yi shi ne daidai, kuma ina roƙonka ka tsaya a kai.

Allah ya ce mu taimaki juna a kan alheri da taƙawa, kada mu taimaki juna a kan saɓo da ƙetare iyaka. Ayar tana nan a farkon Suratul Ma'ida, ba ta buƙatar dogon sharhi. Wanda ya miƙa wa mashayi kofi ya san abin da ya yi.

Ni ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya shaye-shaye ne ya ci shi. Da kodin ya fara, kafin gwamnati ta hana maganin tarin nan a 2018, ya ƙare a abin da ya fi shi. Duk abin da ya sauƙaƙa masa hanya a lokacin, har yau ina jin zafinsa: mai kemis ɗin da ya sayar masa, abokin da ya ara masa kuɗi, har mu da muka yi ta rufa masa asiri. Yanzu a ce gwamnati ta zo unguwa da kwalin allura tana rabawa? Yaro ɗan sha biyar da ke kallo daga nesa, me zai fahimta in ba cewa abin ya halatta ba? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A kama dillalai, a gina wuraren gyaran hali, a nan kuɗin ya kamata ya tafi.

Anti Nas:

Baban Khalifa, sannu da wannan nauyi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe, shekarata goma sha shida a aiki. Kafin a shiga muhawara bari in fara da abin da ba ya jira, wato matar nan da cikinta.

Gobe-goben nan a kai ta a yi mata gwajin hanta B da C da kuma na HIV. Shi ma a yi masa na HIV in ba a yi ba. In ba ta ɗauki B ba, a fara mata rigakafi, ana yi wa mai ciki ba matsala. In ta ɗauka, akwai ƙwayar da likita kan ɗora mai ciki a kai a watannin ƙarshe don rage yawan cutar a jini, kuma yanzu ne lokacinta. Sannan dole ta haihu a asibiti, a yi wa jaririn allurar rigakafin hanta cikin awa 24 da haihuwa, kada a ce sai an yi suna. Jaririn da ya ɗauki B wurin haihuwa, tara cikin goma da ita za su rayu har girma, shi ya sa nake matsa wannan magana. A gida kuma a raba reza, da abin yanke farce, da buroshin haƙori. Cin abinci tare ba ya kawo ta, kada a ware shi kamar kuturu. Nau'in C ba shi da rigakafi amma yana warkewa, ƙwaya ce ta kamar mako goma sha biyu, kuma fiye da 95 cikin 100 suna rabuwa da ita. Kuɗin ne da nauyi. B kuwa danne ta ake yi. A daina jiƙe-jiƙen nan, hantar ta riga ta gaji.

Wankin da ka ga suna yi da fiya wata ba ya kashe komai. Ƙwayar cutar B tana yin mako guda da rai a busasshen jini. Ta C kuwa an gwada an same ta da rai a cikin sirinji bayan makonni. Ɗan jinin da ya maƙale a gindin allura, wanda ido ma ba ya gani, ya isa.

Yanzu tambayarka. Abu Sumayya, Allah ya jiƙan ƙanenka, na fahimci inda zafinka ya fito. Amma shirin ba kwali ake ajiyewa a bakin titi kowa ya ɗiba ba. Ma'aikaci ne, galibi wanda shi ma ya taɓa shiga harkar ya fita, yake bin su har inda suke zama, domin shi suka yarda da shi. Ya ba da sababbi, ya karɓi tsofaffi a akwatin da allura ba ta hudawa, ya wanke musu gyambo, ya yi musu gwaji a wurin. Wanda aka samu da cuta a haɗa shi da asibiti. Wanda ya ce ya gaji yana son dainawa, a san inda za a kai shi. Allurar ita ce dalilin da zai sa ya dawo jibi, dawowar kuma ita ake nema. Mutumin da kowa ke kora, ranar da ya yi niyyar tuba wa zai gaya wa?

Ga girman abin a ƙasarmu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, a Kano kaɗai sama da miliyan ɗaya. Cikinsu kimanin 80,000 allura suke yi. Wani binciken na 2020 ya samu HIV a jikin kusan 11 cikin 100 na masu allura, alhali a sauran jama'a bai kai 2 cikin 100 ba. Kuma mutanen nan suna da mata, suna zuwa wurin wanzami ɗaya da mu.

Maganar doka kuwa, nan ne gizo ke saƙar. Dokar NDLEA, wadda asalinta tun 1989 ne, a sashe na 11 ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda ya mallaki hodar iblis ko heroin da makamantansu, ko ya yi amfani da su ta shaƙa ko busawa ko allura. A ɗaya gefen kuma, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta gwada wannan shiri na musayar allura a 2020 a jihohi uku, mu nan Gombe da Oyo da Abiya, kuma babban tsarin yaƙi da ƙwaya na ƙasa na 2021 zuwa 2025 ya amince da hanyoyin rage illa. To ka ga hannun dama yana miƙawa, na hagu yana riƙe da ankwa. Abin da na gani da idona shi ne yaro ya karɓi sabuwa amma ya ji tsoron ɗauko tsohuwa a aljihu, don in 'yan sintiri suka tare shi, ɗigon da ya rage a ciki shi ne shaidar da za a kafa masa. Sai ya jefar a kwata. Tsibirin Morishus ya warware wannan tun 2006, suka rubuta a dokarsu ta HIV cewa riƙe sirinjin da aka samu ta shirin ba laifi ba ne. Irin wannan layi ɗaya muke buƙata a tamu dokar.

Kai kuma ta ɓangarenka, ka leƙa ofishin hukumar PCN, mai ba da lasisin shagunan magani, na jiharku ka ji abin da lasisin shagonka ya ba ka dama a kan sayar da sirinji, don ka tsaya a kan ƙafarka. Fenta dai kada ta kwana a shagonka ko da wasa.

Bakatsine a Turai:

Baban Khalifa, da na karanta labarinka sai da tsigar jikina ta tashi, domin abin da ka yi a shago ɗaya, an taɓa yinsa a gari guda, kuma a garin nake zaune. Ina aikin kula da tsofaffi a Edinbara, babban birnin Sikotilan.

A farkon shekarun 1980 heroin ta cika unguwannin talakawan garin nan. 'Yan sanda suka ce maganin abin shi ne a toshe allura. Suka riƙa ƙwace duk wadda suka gani, masu sayarwa kuma suka daina sayar wa matasa. Niyyarsu irin taka ce sak. Matasan ba su daina ba, sai suka koma taruwa a ɗaki ɗaya, allura ɗaya ta zagaya kowa. Wani likitan unguwa, Dokta Roy Robertson, ya gwada jinin masu allurar da ke zuwa wurinsa, sakamakon ya fito a 1986: kusan rabinsu suna ɗauke da HIV. A Gilasgo, tafiyar awa ɗaya daga nan, masu allura sun fi yawa amma cutar ba ta kai ko kusa da haka ba. A lokacin babu maganin da ake da shi yau, don haka da yawansu sun mutu, wasu da matansu da jariransu. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, 'ya'yanta biyu maza ta binne a waɗannan shekaru, hotonsu yana kan talabijin ɗinta.

Gwamnatin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya a lokacin, wadda ba wanda zai ce tana da sassauci ga 'yan ƙwaya, ita ce ta buɗe wuraren musayar allura na gwaji a 1987. Kafin su birnin Amsitadam na ƙasar Holan ya fara a 1984, can ma saboda ciwon hanta B ne. Yau a nan kemis na unguwa ne ke wannan aiki, mutum ya shigo ya karɓi ƙunshinsa ya ajiye tsofaffin, kamar mai karɓar maganin hawan jini.

Amurka kuwa ta daɗe tana jan ƙafa, a 1988 ma ta hana a taɓa kuɗin tarayya a wannan harka. A 2015 wani ƙaramin gari mai suna Austin a jihar Indiyana, mutanensa ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba, ya wayi gari da ɓarkewar HIV, aka ƙare da sama da mutum 200. Maganin ciwo na asibiti suke narkawa suna allura, kamar yaron layinku. A lokacin dokar jihar ta hana musayar allura. Gwamnan jihar na lokacin, Mike Pence, wanda ya daɗe yana adawa da abin, sai da ya sa hannu aka buɗe, yaɗuwar ta lafa. Amma an riga an yi ɓarin.

Abu Sumayya, tsoronka na cewa zai jawo sababbi shi ne tambayar farko da kowace ƙasa ta yi. An shekara kusan arba'in ana bibiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken, ba a ga ya ƙara yawan masu allura ba. Ba araha ko tsadar sirinji ke sa mutum ya fara ba.

Malam Na Zaure:

Bismillah. Ɗan'uwa Abu Sumayya ya kawo aya, kuma ayar gaskiya ce. Sai dai malaman usulu suna da ƙa'ida: idan cuta biyu suka haɗu kuma babu makawa sai ɗaya ta auku, ana ɗaukar mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma. Balaraben ƙauyen nan da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai sun taso masa, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale shi ya gama, sannan a zuba ruwa. Ba halatta fitsari a masallaci ya yi ba. Ya duba ne ya ga in an kore shi a tsakiya, najasar wuri da yawa za ta ɓata.

Haka nan a Buhari, an kawo wani da aka sha yi wa haddi saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. A wata ruwayar ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku.

A nan akwai rai na uku da na huɗu, matar da abin da ke cikinta, waɗanda ba su sha komai ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Kuma ba mu ne Musulmin farko da suka fuskanci wannan ba. A Iran shugaban ɓangaren shari'a ya ba alƙalai umarni a 2005 kada su tsaya wa irin wannan aiki a hanya. Maleshiya ta fara nata shirin a 2006.

Ni abin da nake gani, Allah ne mafi sani: in za ka ba shi, ka ba shi da niyyar tsare jini, ba ciniki ba, kuma kada bakinka ya daina yi masa nasiha. In allura kawai za ka miƙa ka karɓi kuɗi ka juya baya, to maganar Abu Sumayya ta hau kanka. Ka kuma zauna da malamin da ka yarda da shi a garinku, ka faɗa masa komai yadda ka faɗa mana.

Abu Sumayya:

Malam, na ji, kuma ba zan yi jayayya da hadisi ba. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Tambaya ɗaya: su waye za su kwashe allurar? Yaranmu ba takalmi suke wasa a lungu, 'yan bola jari da hannu suke tona juji. In aka ƙara yawan allura a unguwa aka bar ta a ƙasa, an gudu ba a tsira ba.

Anti Nas:

Wannan tambaya ce ta gaskiya, shi ya sa ake cewa musaya. Shirin da ba ya karɓar tsofaffi rabin shiri ne. A asibiti kwali mai kauri muke amfani da shi, ruwan ɗorawa, in ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe a kai wurin ƙonawa. In babu shi, galan mai kauri da murfi yana yi. Kuma duk wanda allurar juji ta soka, ya wanke da ruwa da sabulu ya tafi asibiti a ranar. Akwai maganin kariya daga HIV da ake sha kwana 28, amma sai an fara shi cikin awa 72.

Baban Khalifa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Abu Sumayya, har da kai, domin maganarka ce ta sa na ƙi yin abin a ɓoye.

Anti, jiya da safe maiɗakina ta raka yarinyar asibiti. HIV babu, C babu, B ma babu, alhamdu lillahi. An yi mata rigakafin farko a take, an rubuta mata ranar komawa, kuma na sa an rubuta maganar allurar jariri a katin awonta da jan biro. Shi ma an yi masa na HIV, babu. Likita ya ce a maimaita musu nan gaba.

Da yamma na je na sami mahaifinsa a zaure. Ya fi minti goma bai ce uffan ba, yana ta juya carbi. Daga baya ya ce shi dai kada a rasa yaron, duk abin da na ga ya dace in yi. Mun yi magana a kan kuɗin maganin C, zai sayar da babur ɗin da ya jawo wannan duka. Ofishin PCN kuma ranar Litinin zan je in sha Allah.

Bayan isha'i na aika aka kira mini yaron. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, sai da na fito na kamo hannunsa. Na ce masa ban yarda da abin da yake yi ba, kuma ba zan taɓa yarda ba, amma daga yau kada jinin kowa ya sake shiga jikinsa, kada nasa ya shiga na kowa. Na nuna masa wani galan na man gyaɗa da na wanke na huda wa murfi, na ajiye a bayan kanta. Ya yi kuka sosai. Ya ce sauran biyun fa? Na ce ya zo da su a gwada su, ni zan biya. Ɗayan ma ashe yana da mata biyu.

Anti, saura abu biyu. In galan ɗin ya cika, asibitin gwamnati za su karɓa su ƙona mini, ko sai na bi ta wani ofishi? Sannan ya ce yana son dainawa amma in ya kwana biyu bai yi ba jikinsa kamar ana sara, ga amai ga zawo. Wane sashe zan kai shi a asibiti, kuma me zan ce musu in mun je?